Daga gonar rake zuwa tankin jirgin sama: ina haidurojin ya shigo?

A watan Agustan 2024 Barazil ta kafa dokar da ta fayyace abin da za a kira haidurojin mai ƙarancin hayaƙi. A Oktoba kuma ta sake kafa wata, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama rage hayaƙin zirga-zirgarsu ta cikin gida da kashi 1 cikin 100 daga 2027, a yi ta ƙarawa har ya kai kashi 10 a 2037. Tun daga nan rake da haidurojin da man jirgi suka riƙa fitowa a layi ɗaya cikin labarai, masu karatu kuma suka rarrabu. Wasu sun ɗauka jirage ne za su fara tashi da haidurojin, wasu sun zaci ruwan rake za a ɗura a tanki. Jirgin dai kananzir zai ci gaba da sha kamar yadda ya saba. Abin da zai sauya shi ne asalin kananzir ɗin, haidurojin kuwa kayan haɗi ne da ake amfani da shi a matata, ba ya ma isa filin jirgi.

## Kalmomin da ake yawan ambata

Man jirgin sama, wanda aka fi sani da Jet A-1, kananzir ne da aka tace sosai. Idan aka duba shi ta idon masu ilimin sinadarai, sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon, daga 8 zuwa 16 a jere, haidurojin ya lulluɓe su. Babu oksijin a cikinsa. Ƙa'idarsa ita ce kada ya daskare sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifili, domin a can sama sanyin ya kan kusanci haka.

SAF shi ne taƙaitaccen sunan man jirgi mai ɗorewa. Sarƙoƙin iri ɗaya ne, amma kabon ɗinsu bai fito daga rijiyar mai ba. Ya fito daga tsiro, ko man girki da aka gama amfani da shi, ko shara, ko iskar CO2, wato kabon dayoksaid mai ɗumama duniya, da aka kama. A bakin injin jirgi hayaƙinsa kusan daidai yake da na man fetur: kowane kilo da ya ƙone yana fitar da kilo 3.16 na CO2. Ribar tana wajen cewa tsiron ya riga ya zuƙe wannan kabon daga sararin sama lokacin da yake girma. Saboda haka duk gardamar da ake yi a kan SAF gardama ce ta hayaƙin da aka fitar kafin man ya isa tanki: wajen noma, taki, sufuri, da aikin matata.

Haidurojin mai ƙarancin hayaƙi kuma ba wani haidurojin dabam ba ne. Iskar ɗaya ce, yadda aka samar da ita ne ya bambanta. Duniya tana amfani da kusan tan miliyan 97 a shekara, bisa ƙididdigar hukumar makamashi ta duniya ta 2023, kuma wanda aka yi ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran galibi daga iskar gas da kwal yake fitowa. Wanda aka yi da gas yana barin kilo 9 zuwa 10 na CO2 a kan kowane kilo ɗaya.

## Me ya hana jirgi rabuwa da kananzir

Sufurin sama yana fitar da kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na CO2 ɗin duniya, kuma yana cikin sassan da suka fi wuyar gyara. Batir ya yi nauyi: kilo ɗaya na kananzir yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau arba'in ko fiye. Haidurojin zalla ba shi da nauyi, amma sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa, kuma ko a hakan yana cin wuri ninki huɗu na kananzir. Kamfanin Airbus, da ya yi alkawarin jirgi mai haidurojin a 2035, ya ɗage wa'adin a farkon 2025. Etanol, barasar da ake samu idan an tsima ruwan rake ko masara, ma ba ya yi wa manyan jirage, domin ƙarfinsa megajul 27 ne a kilo, na kananzir kuwa 43 (megajul ma'aunin makamashi ne). Ƙaramin jirgin feshin gona na Embraer mai suna Ipanema ya shafe kusan shekara ashirin yana tashi da etanol a Barazil, sai dai injinsa irin na mota ne, tafiyarsa kuma gajeriya ce.

Jirgin da aka saya yau zai yi shekara ashirin zuwa talatin yana aiki. Wannan ya sa ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA a 2021, da hukumar sufurin sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, a 2022, da suka sa 2050 a matsayin shekarar da hayaƙin da ake fitarwa zai yi daidai da wanda ake cirewa, suka ɗora mafi yawan begensu a kan man da zai shiga tankin da ake da shi yanzu. Tafiyar da nisa: SAF ɗin da aka samar a 2024 kusan tan miliyan ɗaya ne, wato kashi 0.3 cikin 100 na man jirgin duniya.

## Haidurojin nawa ake bukata

Duk abin da ya fito daga tsiro cike yake da oksijin, man jirgi kuwa ba ya son ko ɗigo. Aikin haidurojin a matata shi ne ya fizge oksijin ɗin ya fita da shi a matsayin ruwa, sannan ya cike gurabun da suka rage a jikin sarƙar don man ya zauna lafiya, kada ya yi danƙo a ajiya. Yawan da ake bukata ya danganta da hanyar da aka bi, kuma tazarar tana da faɗi ƙwarai.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce HEFA, wadda ke sarrafa man girki da kitse. Tana cin kilo 30 zuwa 40 na haidurojin a kan kowane tan na mai. In haidurojin na gas ne, wannan kaɗai yana ɗora wa man da aka samu kusan giram 6 zuwa 9 na CO2 a kowane megajul. Adadin ba ƙarami ba ne idan aka tuna cewa ICAO ta ƙiyasta jimillar hayaƙin SAF na tsohon man girki a kusan giram 14, man fetur kuwa giram 89.

Hanya ta biyu, ATJ, ita ce ta mayar da etanol man jirgi. Ana ɗora tururin etanol a kan sinadarin zuga mai zafi, wato abin da ke hanzarta aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba, ruwa ya fita, a samu iskar etilin. Sai a harhaɗa ƙwayoyin etilin su zama sarƙoƙi masu tsawo, a cike su da haidurojin, a tace a ware na jirgi daga na dizal. Da yake oksijin ya riga ya fita tun a matakin farko, haidurojin da ake bukata kaɗan ne, bai wuce kilo 12 zuwa 15 a tan ɗaya na mai ba. Etanol ɗin ne ke tafiya da yawa: lita 1.6 zuwa 1.7 kafin a samu lita ɗaya ta mai.

Hanya ta uku ita ce a gina man daga tushe, a haɗa CO2 da haidurojin. A nan lissafin sinadarai ba ya sassauci. Tan ɗaya na mai yana bukatar aƙalla kilo 430 na haidurojin da fiye da tan 3 na CO2, a aikace kuma ya kan ɗara haka. Ya ninka na HEFA fiye da sau goma, ya ninka na ATJ kusan sau talatin. Duk wanda ya ji an ce za a yi man jirgi da haidurojin na rake, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce wace hanya ce cikin ukun nan, domin amsar ce ke nuna ko ana maganar ɗan ƙari ne ko ginshiƙin aikin baki ɗaya.

## Abin da tan ɗaya na rake ke bayarwa

Barazil ce kan gaba a noman rake, tana girbe fiye da tan miliyan 600 a shekara, Indiya na biye da ita. Tun 1975, da shirin gwamnati na bunƙasa etanol mai suna Proálcool ya fara bayan tashin farashin mai na 1973, masana'antun sukarinta suka koyi yin etanol da yawa, kuma tun 2003 motoci masu shan fetur ko etanol suka cika titunan ƙasar. Wannan gogewa ta rabin ƙarni ce ta sa zancen ya fi ƙarfi a can.

Idan aka matse tan ɗaya na rake don etanol, ana samun lita 80 zuwa 85. Tukar rake, wato zaren da ke saura bayan an matse ruwan, tana kai kilo 250 zuwa 280, rabinta danshi. A gona ana barin kusan kilo 140 na busasshen karmami. Wajen tsima ruwan rake da yis, kowace lita ta etanol tana sakin kusan kilo 0.75 na CO2, tsantsa kusan ɗari bisa ɗari, wanda galibi ake bari ya bi iska. Sai kuma binas, ruwan dagwalon da ke saura a gindin tukunyar tata: lita 10 zuwa 15 a kan kowace lita ta etanol. Ma'ana, tan ɗaya na rake yana barin kusan tan ɗaya na wannan ruwa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, yana fitowa da zafi, yana da tsami da wari mai hawa kai, kuma in ya shiga kogi yana shanye oksijin har kifi su taso. An hana zuba shi a koguna tun ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa ake mayar da shi gona ta bututu da tankoki, saboda yana da sinadarin fotashiyam da rake ke so.

Daga waɗannan ne ake da hanyoyi huɗu na samun haidurojin.

## Daga etanol kai tsaye

Ana haɗa tururin etanol da na ruwa a kan sinadarin zuga a zafi mai tsanani, su farfashe su ba da haidurojin da CO2. A takarda lita 5 ta etanol ta isa kilo ɗaya na haidurojin. A aikace sai lita 7 zuwa 8, domin ana ƙona wani kaso don a samu zafin. A harabar Jami'ar Sao Paulo an gina tashar gwaji ta irin wannan, haɗin gwiwar jami'ar da kamfanonin Shell da Raízen da Hytron da Toyota, mai iya ba da kilo 4.5 a awa don motocin bas.

Fa'idarta ta sufuri ce. Haidurojin iska ce mai wuyar ɗauka, tirela mai ɗauke da tulunan ƙarfe ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilo. Tankar etanol mai lita 40,000 kuwa tana ɗauke da abin da zai ba da fiye da tan 5. Matsalolinta biyu ne. Ta farko ta injin ce: etanol yana son rikiɗewa ya zama etilin a kan sinadarin zugar, etilin kuma ya zama kunkunniya ta rufe shi, aiki ya yi ta raguwa har sai an tsaya an ƙone ta. Ana rage wannan da ƙara tururin ruwa, ƙarin tururi kuma ƙarin makamashi ne. Ta biyu ta hankali ce. Idan manufa man jirgi ce, kabon ɗin da ke cikin etanol shi ne abu mai daraja, wannan hanya kuwa tana watsar da shi ta riƙe haidurojin kawai. Ta dace da matatar da ke nesa da bututun gas kuma bukatarta kaɗan ce. A matsayin babbar hanya, ba ta da hujja mai ƙarfi.

## Daga binas

Wannan ce hanyar da ta fi tsayawa da ƙafarta, don haka ta cancanci a bi ta daki-daki.

Ana zuba binas, sau da yawa tare da tabon da ke saura a matatar ruwan rake, cikin manyan tankoki da aka toshe wa iska. Ƙwayoyin halitta suna cinye abin da ke ciki su fitar da gas, wanda kashi 55 zuwa 60 cikin 100 nasa miten ne, sauran galibi CO2. Ana wanke gas ɗin har ya zama miten kusan zalla, daidai da gas ɗin bututu. Daga nan aikin ba sabo ba ne: a haɗa shi da tururi a kan nikel a zafin digiri 800 zuwa 900, a sake bi da shi ta wani mataki da ke ƙara tatso haidurojin daga tururin, a tace. Kusan kilo 3 zuwa 3.5 na miten ke ba da kilo ɗaya. Yawancin matatun mai da masana'antun takin zamani suna da wannan inji tuntuni, abin da za a sauya musu kawai shi ne gas ɗin da ke shiga. Kamfanin sukari da etanol na Raízen ya buɗe babbar tashar gas na binas a garin Guariba a 2020, kuma kamfanin taki na Yara ya riga ya yi amfani da miten na rake a masana'antarsa ta Cubatão wajen yin amoniya, wadda matakinta na farko shi ne samar da haidurojin.

In aka buga lissafi, binas na tan ɗaya na rake zai iya ba da kilo ɗaya da wani abu na haidurojin. Etanol ɗin wannan tan ɗin zai zama kusan lita 50 na man jirgi, kimanin kilo 40, kuma bukatarsa ta haidurojin rabin kilo ce kawai. Wato dagwalon masana'anta ya ishi man da ita kanta za ta yi, har a samu ragowar da za a sayar wa matatun HEFA. Fotashiyam ɗin ma bai tafi ko'ina ba, ruwan da ya fito daga tanki yana komawa gona da shi.

Inda ake tuntuɓe wuri uku ne. Na farko farar wuta. Masana'antu suna wanke yis da ruwan asid mai farar wuta don kashe ƙwayoyin da ke gurɓata tsimi, ragowar kuma tana bin binas. A cikin tanki sai ta zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin ƙarfe, take hana ƙwayoyin miten aiki, kuma ɗan kaɗan nata ya isa ya kashe nikel. Dole a cire ta kusan ƙarƙaf kafin gas ya isa inji. Na biyu lokaci. A kudu maso tsakiyar Barazil ana matse rake daga Afrilu zuwa Nuwamba, kuma ba a ajiye shi, domin kwana ɗaya ko biyu bayan yanka zaƙinsa ya fara lalacewa. Wata huɗu babu binas, alhali matata tana son gas kullum, ƙwayoyin tanki kuma in suka yi yunwa sai an ɗauki makonni kafin su farfaɗo. Ana cike giɓin da tabon tata da ake tarawa a rumbu, amma wannan ƙarin wuri ne da ƙarin kuɗi. Na uku shi ne yoyo. Kilo ɗaya na miten yana ɗumama duniya kamar kilo 27 na CO2 cikin shekara ɗari. In kashi 3 cikin 100 kacal ya tsere ta murfin tanki ko mahaɗar bututu, ya ɗora kusan kilo 2.7 na hayaƙi a kan kowane kilo na haidurojin. Tashar da ba ta auna yoyonta ba ta san ko haidurojin ɗinta mai tsabta ne ba.

## Daga tuka da karmami

Ana iya gasa tuka a zafi mai tsanani da ɗan oksijin kaɗan, ta zama gas mai haɗe da haidurojin da kabon monoksaid. Daga wannan gas ana iya ware haidurojin, ko a wuce da shi kai tsaye a gina mai ta hanyar Fischer da Tropsch, masanan Jamus biyu da suka gano ta a shekarun 1920. Hanyar tana son haidurojin biyu a kan kabon monoksaid ɗaya, gas ɗin tuka kuwa ya kan zo kusan ɗaya da ɗaya, saboda haka ko a ƙaro haidurojin daga waje ko a yi asarar wani kaso na kabon.

A takarda ita ce mafi yalwa, a ƙasa kuma ita ce ta fi ba da wuya. Gas ɗin yana zuwa da kwalta mai toshe bututu. Karmami yana zuwa da yashi da fotashiyam, tokarsa ta narke ta manne a bangon tukunya. Tuka ba ta da nauyi, tana cushewa a bakin injin da ke tura ta. Kamfanin Fulcrum na Amurka, da ya gina irin wannan masana'anta a jihar Nevada don sarrafa shara, ya durƙushe a 2024. Kuma tukar ba a banza take ba: ita ce ke hura tukunyar tururin masana'anta, ita ke ba da lantarkin da ake sayarwa, yanzu kuma ana yin etanol da ita, kamar a masana'antar Bonfim da aka buɗe a 2024 mai iya ba da lita miliyan 82 a shekara. Karmami ma ba a kwashe shi duka, sai an bar wani kaso ya rufe ƙasa ya riƙe danshi.

## Daga lantarki da ruwa

Hanya ta huɗu ita ce a raba ruwa da lantarki. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 da aƙalla lita 9 ta tsabtataccen ruwa. Abin da ke jan hankali a nan shi ne CO2 ɗin tsimi: kusan kilo 64 a tan ɗaya na rake, tsantsa, ba ya bukatar injin kamawa mai tsada. In aka haɗa shi da haidurojin zai ba da ƙarin kilo 20 na mai, wato a ƙara rabi a kan abin da gona ɗaya ke bayarwa ba tare da an share ko taku ɗaya na sabuwar ƙasa ba. Amma yana bukatar kusan kilo 9 na haidurojin, wato kilowat-awa 450. Rarar lantarkin masana'anta mai tukunyar zamani ba ta cika wuce 100 a tan ba. Sauran dole ya fito daga hasken rana ko iska ko madatsar ruwa. A wannan hanya rake kabon yake bayarwa, haidurojin ɗin kuwa na lantarki ne, ko da an rubuta rake a kanun labari.

## Inda ake saɓani

Masu goyon baya, musamman masana'antun rake da gwamnatin Barazil, suna kafa hujja da alƙaluma. A jadawalin ICAO na farkon shekarun 2020, man jirgi daga etanol na raken Barazil ya samu kusan giram 33 a megajul, na masarar Amurka kuwa kusan 90, daidai da man fetur. Dalilin shi ne masana'antar rake da tukarta take hura wuta, ta masara kuma da gas. Suna ƙarawa da cewa tsohon man girki da kitse ba za su taɓa isa ba, cewa mafi yawan gonakin rake suna jihar Sao Paulo da maƙwabtanta, nesa da dajin Amazon, kuma akwai miliyoyin hekta na makiyaya da suka gaji waɗanda za a iya nomawa.

Masu suka, ciki har da ƙungiyoyin kare muhalli na Turai, ba su musanta lissafin masana'anta ba. Damuwarsu ƙasa ce. Idan rake ya cinye makiyaya, shanun ba ɓacewa za su yi ba, za su matsa gaba, wani lokaci zuwa inda sai an sare daji. Wannan hayaƙin ba a iya auna shi da na'ura, ƙiyasi ake yi da kwamfuta, sakamakon kuma yana sauyawa gwargwadon zaton da aka fara da shi. Suna tuna cewa dokar 2009 da ta hana faɗaɗa noman rake zuwa Amazon da dausayin Pantanal an soke ta a 2019. Suna kuma nuna cewa etanol ɗin da aka karkatar zuwa jirgi daga tankin mota aka ɗauke shi, kuma in fetur ne ya maye gurbinsa, an rage hayaƙi a sama an ƙara a ƙasa.

Akwai iyakar da duka ɓangarorin ba za su tsallake ba. Ko da an mayar da dukan etanol na raken Barazil man jirgi, ba a bar wa mota ko lita ɗaya ba, abin da za a samu kusan kashi 5 cikin 100 ne na bukatar duniya. Kuma mafi yawan hayaƙin man rake a gona yake: takin zamani da iskar da yake saki daga ƙasa, dizal ɗin injinan girbi da manyan motoci. Tsabtace haidurojin na ATJ zai rage giram 3 ne ko makamancin haka. Zuba miten na binas a tankin waɗannan motoci maimakon dizal na iya yin tasirin da ya kai wannan ko ya fi. Inda haidurojin na rake ke da nauyi sosai shi ne a HEFA da kuma hanyar CO2.

## Ma'auni ɗaya, dokoki dabam-dabam

Kalmar ƙarancin hayaƙi ba ta da fassara ɗaya. Dokar Barazil ta yarda da haidurojin da bai wuce kilo 7 na hayaƙi a kilo ba. Amurka ta sa 4 don samun rangwamen haraji, Tarayyar Turai kuma 3.38. Idan etanol yana ɗauke da giram 20 zuwa 25 a megajul, haidurojin da aka yi da shi zai faɗo tsakanin kilo 3 da 4: ya wuce a gida cikin sauƙi, yana bakin gaɓa a Turai.

A kan man kansa ma haka abin yake. Turai ta wajabta kashi 2 na SAF daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050, amma ba ta lissafa man da aka yi daga amfanin gona na abinci. Etanol na ruwan rake ba ya shiga, na tuka yana shiga. Shirin CORSIA na ICAO, na rage hayaƙin jiragen ƙasa da ƙasa, da zai zama dole ga mafi yawan ƙasashe daga 2027, yana karɓar duk man da ya rage aƙalla kashi 10 kuma ya samu shaidar ɗorewa. Amurka, inda kamfanin LanzaJet ya buɗe masana'antar ATJ ta farko a garin Soperton na jihar Jojiya a Janairun 2024, ta sauya dokar harajinta a 2025 ta taƙaita rangwame ga kayan da aka noma a Arewacin Amurka. Mai zuba jari a masana'antar da za ta yi shekara talatin yana kallon waɗannan ƙa'idoji ne kafin ya kalli inji.

Kowace hanya kuma tana da iyakar gauraya. Ƙa'idar da ake bi ta yarda a haɗa SAF na HEFA ko ATJ har kashi 50, domin yawancinsa ba shi da wasu sinadarai masu siffar zobe da ke kumbura robobin mahaɗar bututu su hana yoyo. Jirgin Virgin Atlantic da ya tashi daga Landan zuwa New York da SAF zalla a Nuwamban 2023 sai da aka ƙara masa irin waɗannan sinadarai da aka yi daga sukarin tsiro, da izini na musamman.

## Yadda zai taɓa aljihun mutane

Fasinja ne zai fara ji. SAF ya ninka man fetur tsada sau biyu zuwa biyar, mai kuma yana cin kusan kashi 25 zuwa 30 na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa. In aka ɗauka ninki uku ne, gaurayar kashi 2 tana ƙara wa kamfani kusan kashi 1 na kuɗin aiki, ta kashi 10 kuma kusan kashi 6. Lufthansa ta riga ta ƙara yuro 1 zuwa 72 a tikitin jiragen da ke tashi daga Turai tun farkon 2025. Kayan da ake aikawa ta sama, irin su magunguna da kayan lantarki, za su ɗauki nasu kason.

Wanda bai taɓa hawa jirgi ba ma abin na iya isa gare shi ta hanyar sukari. Masana'antun Barazil suna iya karkata rake zuwa sukari ko etanol gwargwadon wanda ya fi riba, kuma ƙasar ce ke fitar da sukari mafi yawa a kasuwar duniya. Sabon mai saye da ke biyan etanol da tsada zai ja rake daga sukari. Indiya ta nuna yadda gwamnati ke tsoron wannan: a Disamban 2023, da damina ta gaza, ta taƙaita yin etanol da ruwan rake don kare farashin sukari. Direban mota a Barazil, inda aka ɗaga etanol ɗin cikin fetur zuwa kashi 30 a Agustan 2025, zai yi gogayya da jirgi a kan lita ɗaya. Fari da sanyin 2021 da gobarar gonakin Sao Paulo ta Agustan 2024 sun nuna cewa rake ba rijiya ba ce da za a buɗe famfo yadda aka ga dama.

Hanyar binas ce kaɗai cikin huɗun da ba ta taɓa sukari ko tankin mota ko lantarki, kuma mazauna kusa da masana'anta suna samun sauƙin wari da ƙudaje idan an sarrafa shi a rufaffen tanki. Ayyukan yi da za ta kawo na masu gyaran inji ne da masu auna gas da masu kula da tanki, ba na masu yankan rake ba, waɗanda injin girbi ya riga ya maye gurbin yawancinsu tun da jihar Sao Paulo ta hana ƙona gona kafin girbi. Manomin da ke sayar wa masana'anta rake shi ma zai ga sabon sharaɗi: shaidar ɗorewa tana bukatar taswirar gonarsa, tarihin abin da ke wurin kafin rake, da rubutaccen adadin taki da dizal na kowace kaka. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatan da ke wannan aiki. Ƙaramin manomi in ba ta ƙungiya ya bi ba, rakensa zai tafi kasuwar sukari da ta mota, ƙarin kuɗin man jirgi kuma ya wuce shi.